Ƙaddara ce ko sakaci?

Ranar Juma'a 22 ga Mayu, 2020, ana dab da ƙaramar Sallah, jirgin Pakistan ƙirar Airbus A320 ya taso daga Lahore zuwa Karachi da mutum 99. Mutum biyu kacal suka rayu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Bincike ya nuna cewa jirgin ya tunkari filin sauka yana can sama fiye da ƙima, ga gudu ya yi yawa. Masu kula da zirga-zirgar jirage suka ba matuƙan shawara su kewayo su rage tsayi, suka ce ba komai, za su iya. Naɗaɗɗiyar muryarsu ta nuna hirar korona ta ɗauke musu hankali. Haka suka dira ba su saki tayoyi ba, injina biyu suka gurji titin jirgin. Suka sake tashi, injinan suka mutu, jirgin ya faɗa unguwar jama'a.

To 'yan uwa, idan an ce matuƙa sun yi kuskure, sai ka ji wani ya ce, "A daina, ai kwana ne ya ƙare." Gaskiya ne, babu ran da zai fita ba da izinin Allah ba, kuma ni ban yarda a zagi mamaci ba. Amma ban ga inda imani da ƙaddara ya hana a kira sakaci da sunansa ba.

Ku duba aya ta 92 a Suratun Nisa'i. Wanda ya kashe mumini bisa kuskure, ba da gangan ba, shari'a ta wajabta diyya da kaffara. Shin ajalin mamacin bai zo ba ne? Ya zo mana. Duk da haka ba a sauke nauyi ba. Ashe ƙaddara magani ce ga zuciyar wanda aka yi wa rashi, ba mafaka ba ce ga wanda aka damƙa wa amana.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne, ba jahilci ne ya jawo wannan ba, ƙwararru ne. An faɗa musu, ƙararrawar gargaɗi ta yi ta kuka, kewayowa kuma 'yan mintoci ce. Sabo da aiki yakan sa mutum ya ji ya wuce a gyara masa.

Kai direban da fasinja ke roƙo ka rage gudu, kana cewa "sai kwana ya ƙare", wannan magana da kai nake. Haka likita, haka magini, haka mu masu wa'azi. Idan an ce ka kewayo, ka kewayo. Jinkiri ba ya rage maka daraja, amma rayukan da ke bayanka za a tambaye ka su.

Allah Ya ba mu kunnen jin gyara.