Ko Tsananin Hukunci Yana Hana Mugunta?

Sa'ad da ɓarayi suka dami gari, abin da mutane sukan fara cewa shi ne a ƙara tsananta hukunci. Kada mu raina wannan magana, gama wanda aka kwashe masa dukiya da dare ya san zafin da mai kallo bai sani ba. Manzo Bulus kuma ya koya mana cikin Romawa 13 cewa Allah ne ya ba mai mulki iko ya hori mai aikata mugunta. Amma ko tsananin horon ne yake hana laifi?

Mu tuna da abin da ya faru a ƙasarmu. A 1970, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar kisa a kan masu fashi da makami. A 1971 aka harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Ikko, jama'a masu yawa suna kallo. Fashi kuwa bai ƙare ba. A 1986 Lawrence Anini ya addabi birnin Benin, da aka kama shi sai ya bayyana ashe wani babban ɗan sanda yana taimakonsa. An harbe su a 1987. To, mutumin da ya riga ya saye mai tsaro, wace doka ce za ta ba shi tsoro, komai kaifinta?

Ku karanta Mai-Wa'azi 8:11, ku lura da abin da ya dame shi. Jinkirin shari'a ne ya ga yana ƙarfafa zuciyar mutane ga mugunta. Masu binciken wannan al'amari a zamaninmu sun iske haka nan: sanin lalle za a kama mutum ya fi nauyin hukunci hana shi. Ɓarawo ba ya zama ya lissafta shekarun kurkuku, abin da yake dubawa shi ne ko akwai mai ganinsa.

Ku duba kuma Kubawar Shari'a 25:3, inda aka hana bulala ta wuce 40, domin kada a wulakanta mai laifin. Har a ƙarƙashin bulala ana kiransa ɗan'uwa. Yaron da ya saci akuya, aka kulle shi shekaru tare da tsofaffin 'yan fashi yana jiran shari'a, da wace sana'a kuke tsammani zai fito? Ranar da ya komo gida kuwa, wane ne cikin ikilisiyarku zai yarda ya ba shi aiki a gonarsa?