Doka ke yin kuɗi, ko yardar jama'a?

Ga tambaya: mi ke sa guntun ƙarfe ya zama kuɗi? Hatimin gwamnati, ko yardar mutane?

Kakanninmu da wuri suke ciniki. A shekarar 1851, wuri 2.500 ne kuɗin liyari guda na azurfa a kasuwar Kano. Wuri yana da nauyi, ƙirgarsa da wuya, amma ya dace da talaka. Mai ƙosai tana iya sayar da na wuri biyar.

Da Faransawa suka zo, suka kawo tamma da dala, suka ce da su za a riƙa biyan lanho. Mutane suka nemi kuɗin Nasara don lanho, amma suka daɗe suna cefane da wuri. Ba taurin kai ba ne. Ƙananan kuɗin Nasara ba su wadata ba, manyan kuwa sun fi ƙarfin gishirin miya.

Can Nijeriya, a 1907, Turawan Ingila suka buga anini, mai huda a tsaka. Anini goma ne kwabo guda. Ya karɓu a ƙasar Hausa, don ya yi aikin da wuri ke yi. Har yau ana cewa: "Ba ni da ko anini."

Bayan shekara 100, a 2007, Nijeriya ta fito da sababbin kuɗin ƙarfe: kwabo 50, naira 1 da naira 2. Doka ta ce kuɗi ne. 'Yan kasuwa suka ƙi su, don ba su sayen komi. Mu ma nan Nijar, wa ke ciniki da tamma guda? Da dala muke ƙirga.

Ashe doka tana buga kuɗi, amma amfani ke sa a yarda da su. Hakkin hukuma ne ta fito da ƙananan kuɗin da ke sayen abu, kuma su wadata.

Mu ma da namu hakkin. Dala tana da amfani har yanzu. Mai tebur da ya ƙi ta, ko ya riƙe ta ya ce "babu canji", talaka ya cuta. Ku yi lissafi: dala guda kullum, dala 365 ke nan a shekara. Da yayyafi kogi kan cika. Mu karɓi dala, mu kuma mayar da ita ga mai ita.