ABIN DA ZAFI ZAI YI WA HALITTUN ƘASARMU



Daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, ranar idin Waliyyi Faransis na Asisi, Ekklesiya takan yi addu'a ta musamman domin halitta. A irin waɗannan kwanaki mukan ji wata tambaya daga bakin masu bi na kirki. Suna cewa, in masana sun ce nan da shekara hamsin itace kaza zai ƙare, tsuntsu kaza zai bar ƙasarmu, ashe ba sun shiga hurumin Allah ke nan ba? Gobe ai ta Allah ce.

Hakika gobe ta Allah ce, kuma Ekklesiya ta hana 'ya'yanta zuwa wurin boka da mai duba. Amma manomin da ya ga shamuwa ta iso ya ɗauko iri, ba duba ya yi ba. Ubangijinmu Yesu da kansa, a sura 12 ta Bisharar Luka, bai tsauta wa taro domin sun iya duban girgije su san ruwa na zuwa ba. Ya tsauta musu ne domin sun iya wannan, sun kuwa kasa gane zamanin da suke ciki. Hankali baiwar Allah ne, ƙin aiki da shi kuwa ba bangaskiya ba ne.

Bari mu ga yadda ake wannan hasashe, gama ba asiri a cikinsa. Masana sukan rubuta wuraren da ake samun wata halitta a yau, su auna zafi da ruwan sama na waɗannan wurare, su gane iyakar abin da take iya jurewa. Sa'an nan su sa kwamfuta ta lissafta inda za a sami irin wannan zafi da irin wannan ruwa idan duniya ta ƙara ɗumi. In wurin ya matsa, tilas halittar ta bi shi ko ta ƙare. Da irin wannan lissafi kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa a rahotonsa na 2022 cewa, idan ɗumin duniya ya ƙaru da digiri 1.5, daga kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na ire-iren halittun tudu da aka bincika za su shiga babban haɗarin ɓacewa. Idan ya kai digiri 3, adadin na iya kai kashi 29. A shekarar 2024 kuwa zafin duniya ya haura digiri 1.5 ɗin nan na tsawon shekara guda.

Ku lura da kalmar nan, idan. Duk hasashen a kanta ya rataya. Haka wa'azin Annabi Yunana ya zama ga Nineba: an faɗa musu hallaka tana tafe, suka juyo, ba ta zo ba.

A Nijeriya, inda lissafin ya fi tsoratar da mu shi ne kan tuddai. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Shi ya sa Jos take da sanyi, Mambila ma ta fi. Idan aka ƙara digiri 2, halittar da ta saba da sanyin wani wuri sai ta hau kimanin mita 300 kafin ta sake samun irinsa. Wadda ke gindin dutse tana da inda za ta hau. Wadda ke ƙwanƙoli fa? Dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419 ne, daga nan sai sararin sama. Kurmin Ngel Nyaki da ke kan tudun Mambila ɗan tsibiri ne na itatuwa a tsakiyar makiyaya, akwai tsuntsaye da tsire-tsire a cikinsa waɗanda ba sa rayuwa a kwari. Itace ba shi da ƙafa. Tafiyarsa ita ce tsuntsu ko biri ya ci 'ya'yansa ya yar da ƙwallon a gaba, iri ya tsiro, ya girma, ya yi nasa 'ya'yan. Wannan tafiya ce ta shekaru masu yawa, kuma wutar daji ta rani ɗaya ta isa ta datse ta.

Game da ruwan sama a arewa, masana ba su yi baki ɗaya ba. Wasu lissafai sun nuna damina za ta ƙaru, wasu sun nuna za ta ragu, da yawa kuma sun nuna ruwan zai riƙa zuba da ƙarfi lokaci guda, a bar tsawon kwanaki babu ko ɗigo. A kan ƙaruwar zafi dai ba su da gardama. Wanda ya fake da wannan saɓani ya naɗe hannu, yana kama da maigidan da aka ce masa ɓarawo zai zo, amma ya ƙi kulle gida domin ba a faɗa masa ta wace ƙofa ba.

Kada kuma mu ɗora wa yanayi laifin da yake namu. Tafkin Chadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya ƙanƙance ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Wannan kam rashin ruwan sama ne babban dalili. Amma fadamun Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai kowane rani, madatsun Tiga da Challawa ne suka sauya musu tafiyar ruwa, kacalla ta zo ta toshe hanyoyin da suka saura. Ungulu da dā ba a rasa ta a mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin halittun da ke bakin ƙarewa, guba ce da cinikin kawunanta don tsafi suka kai ta can. Gauraka ta yi wuyar gani. Kaɗanya da ɗorawa suna tafiya cikin buhunan gawayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin da ke tafe zai tarar da halittun da muka riga muka raunana, a cikin guntayen dazuzzukan da muka yayyanka, babu hanyar ƙetarewa daga wannan zuwa wancan.

Wani zai ce, ina ruwan mai jin yunwa da tsuntsu? Ku tambayi uwar da take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta da man kaɗanya da daddawa, ko masuncin Nguru. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a saƙonsa na ranar salama ta 1 ga Janairu 1990, ya kira lalacewar muhalli matsala ta ɗabi'a. Marigayi Paparoma Faransis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya koyar cewa kowace halitta tana da daraja a gaban Allah ko da ba ta amfane mu ba, kuma wadda ta ƙare ta hannunmu ba za ta ƙara ɗaukaka Mahaliccinta ba.

Yusufu bai tsaya ga fassara mafarkin Fir'auna ba, rumbuna ya gina tun ana cikin ƙoshi. Rumbunmu a nan shi ne itacen da muka bari a tsaye. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun daina tumɓuke tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, suna sassabe shi suna renonsa, har itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta ba tare da dashe ba.

Hasashe kuma ba ya yin kyau sai da rubutaccen sani, ƙasarmu kuwa wurare da yawa ba wanda ya taɓa ƙirga abin da ke cikinsu. Cibiyar nazarin tsuntsaye da ke kurmin Amurum kusa da Jos tana wannan aiki tare da masu sa kai, amma ba za ta kai kowane ƙauye ba. Ekklesiya ta kai. Saboda haka muna roƙon kowace majalisar majami'a ta ajiye littafi guda. Katekis da matasa su zauna da dattawa da Zumuntar Mata, a rubuta itatuwa da tsuntsaye da kifayen da aka sani dā, da waɗanda aka daina gani. Kowace shekara a ƙara ranar da shamuwa ta iso, da ranar ruwan shuka, da lokacin da ɗorawa ta yi fure. A ƙirga itatuwan da ke filin mishan da makabarta, kada a sare ko ɗaya sai majalisa ta zauna a kai.