AN CE, AN CE: Hattara Da Jita-jita A Kan Injin Hasken Rana

 

Kwanan baya na kai ziyara Miga, cikin fadamar kogin Haɗejiya. Bayan sallar La'asar muka zauna a ƙofar masallaci, sai hira ta kai mu ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Wani dattijo manomin rani ya ce shi kam ya fasa saye, domin an gaya masa farantan nan na sola su ke janyo zafi, su ke kuma kore hadari. Wani ya karɓe ya ce ai keke mai batir ma bom ne a kan taya. Da na tambaye su wa ya faɗa, sai kowa ya ce, "An dai ce." To, wannan "an ce" ɗin ita ce abin da za mu duba yau.

Allah Ta'ala a cikin Suratul Hujurat, aya ta 6, Ya umurci muminai da su binciki labari idan wanda ba a amince da shi ba ya kawo, don kada su cuci wasu cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Malaman tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne game da wani ɗan aike da aka tura karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ, ya juyo daga hanya ya ce sun ƙi bayarwa, har aka kusa ɗaura musu yaƙi alhali ba su da laifi. Haka kuma Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna mutum ya riƙa faɗin duk abin da kunnensa ya ji, wannan kaɗai ya isa a kira shi maƙaryaci. Ke nan wanda ya tura saƙon WhatsApp bai bincika ba, ba zai kuɓuta da cewa shi ma turo masa aka yi ba.

Kada wani ya ce wannan ai zancen duniya ne, ba ruwan addini. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, manomin shinkafa da alkama da albasa ya san abin da galan ɗaya ke ci daga ribarsa. Wanda ya tsorata shi da ƙarya har ya bar gonarsa ta ƙone, ya taɓa abincin iyalinsa, kuma zai amsa tambaya a kai. Ba mu manta ba yadda jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 zuwa 2004, cutar ta bazu, yara suka nakasa. Sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

To, mene ne gaskiyar lamarin? Farantin sola ana yin sa ne da wani sinadari da ake tacewa daga yashi, a rufe shi da gilashi. Haske in ya sauka a kansa sai ya zama lantarki, ba wuta, ba hayaƙi. Ba ya ƙara wa rana zafi, ba ya rage mata kome. Hadari kuwa iska ce ke ɗauko shi daga teku ta kudu maso yamma bisa ƙudurar Ubangiji. Ina faranti mai faɗin tabarma zai tare shi? Ai farantai sun riga sun yawaita a kan masallatai da asibitoci da rijiyoyin burtsatse lokacin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka cinye gonaki a Jihar Jigawa. Kuma Allah Ya gaya mana a Suratu Ibrahim, aya ta 33, cewa Ya hore mana rana da wata. Amfani da abin da aka hore maka godiya ce.

Game da abin hawa mai lantarki kuwa, a Suratun Nahl, aya ta 8, bayan Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, sai Ya sanar da mu cewa Yana halittar abin da ba mu sani ba. Ba kuma aikin baƙi kaɗai ba ne. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, yana cikin waɗanda suka zana motar Chevrolet Volt a Amurka, kuma a zamaninsa na shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu shan fetur su koma aiki da batir. Ko da ma baƙi ne suka kawo, ai shawarar Salmanul Farisi ta haƙa gwalalo a yaƙin Khandak dabarar Farisa ce, Annabi (S.A.W.) kuma ya karɓa.

Amma fa adalci ya wajaba. Gaskiya ne batir yana iya kama wuta idan jabu ne, ko ya fashe, ko aka yi masa caji ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai fetur ma haka yake. Wa zai manta da tankar da ta fashe a Majiya cikin Oktoba 2024, ta hallaka mutum fiye da 150? Allah Ya jiƙan su. Gaskiya ne kuma tsohon batir mai dalma guba ne, kada a fasa shi a gida ko a yar da shi kusa da rijiya ko inda yara ke wasa.

Sannan ina jan kunnen 'yan kasuwa da masu haɗa sola. Ƙaryar mai kushewa da ƙaryar mai tallatawa duk uwa ɗaya ta haife su. Wanda ya manna takardar babban faranti a bayan ƙarami, ko ya rantse cewa batir ba ya mutuwa, ko ya ɓoye cewa injin yana rage ƙarfi ranar hazo da lumshi, ya tuna da mai sayar da hatsin nan da Manzon Allah (S.A.W.) ya sa hannu cikin tsibinsa ya iske jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma barranta daga mai algus. Sau da yawa jabun kayan nan su ke haifar da jita-jitar, domin wanda aka cuta ba ya yin shiru.

Saboda haka, ɗan'uwa, in labari ya zo maka, ka tambayi kanka abu uku: wa ya faɗa, ya san abin ko bai sani ba, kuma me zai samu in na yarda? Ka je gonar wanda ya yi shekara yana ban ruwa da injin, ka gani da idonka, gani ya kori ji. Ka tambayi malamin gona da injiniya, matambayi ba ya ɓata. Limamai kuma su yi hattara, domin maganar da ta fito daga kan mumbari ba ta komawa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare harsunanmu, Ya sa albarka a nomanmu na rani da na damina. Amin. Wassalamu alaikum.