DOKAR KAN IYAKA DA RAN ƊAN ADAM: WANNE NE GABA?

 Ya ku 'yan'uwa matasa, ga tambaya: idan hukuma ta rufe iyakarta, ga mutum yana nutsewa a bakin iyakar, shin wanda ya tsamo shi ya yi laifi?

A watan Yuni na 2019, jirgin ruwan wata ƙungiyar sa kai ta Jamus, Sea-Watch 3, ya tsamo baƙin haure 53 daga teku kusa da Libiya. Gwamnatin Italiya ta hana shi shiga. Bayan fiye da mako biyu a kan ruwa, matuƙiyar jirgin, Carola Rackete, ta shiga tashar tsibirin Lampedusa ba da izini ba. Aka kama ta. Alƙali ya sake ta, bisa hujjar cewa ceton rai wajibi ne ta sauke.

To, wani zai ce: ai kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, kuma irin wannan ceto yana ƙara wa samari kwaɗayin tafiya, 'yan fasa-ƙwaurin mutane su yi ta cin kasuwa. Maganar farko gaskiya ce, ba mu musa ba. Bin doka wajibi ne, don rashinta fitina ne. Amma ku lura, don kare rayuka aka kafa hukuma tun asali. Ba a hana gobe da gawar wanda ke nutsewa yau. A fara tsamo shi, sannan a tambaye shi takarda.

Kuma akwai bambanci. Ɗan fasa-ƙwauri kuɗi yake karɓa, ya ɓuya. Mai ceto kuwa a fili yake aikinsa, ya tsaya gaban alƙali ya ɗauki abin da ya biyo baya. Wannan ba tawaye ba ne, tunatar da hukuma ne aikinta.

Abin ma bai yi mana nisa ba. Hukumomin Aljeriya kan zubar da waɗanda suka kora a cikin hamada, kimanin kilomita 15 daga Assamaka ta Nijar, 'yan sa kai su fita neman waɗanda suka gaza tafiya.

Ba mu ce wa kowa ya kama hanyar Agadas ba, jefa kai ga halaka haramun ne. Amma wanda ya riga ya faɗa, haƙƙinsa yana wuyan mai iya miƙa hannu. Allah Ya sa mu gane, amin.