Yaron da ke haɗe-haɗen sinadarai: a hana shi ko a riƙe masa hannu?

Jama'a, akwai tambayar da ke damun iyaye a zangon nan, haka ma a gida Azare da ƙasar Katagum. Yaro ya taso da son haɗe-haɗe: yau ya tara kwalabe, gobe ya sayo soda, jibi ya ce ya koyi haɗa sabulun ruwa a YouTube. Uba ya gani, gabansa ya faɗi, don ya san yaran da suka fara da kwalba suka ƙare a shaye-shaye. To, a hana shi ne, ko a bar shi?

Mu fara da tuna cewa haɗa sinadarai tsohuwar sana'armu ce. Marini yana haɗa baba da toka da katsi. Majemi yana jeme fata da bagaruwa. Iyayenmu mata sun san aikin kanwa a miya, sun san yadda ake sabulun salo. A yau ma mata da yawa suna ciyar da gida da haɗa turare, humra da sabulun wanki. Jabir ɗan Hayyan, wanda ake kira uban wannan ilimi, malamin Musulmi ne. Wanda ya ce ilimin kansa sharri ne, ya zagi kakanninsa.

Amma tsoron uba ma yana da tushe. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. Kuma yawancin abin da ke lalata yaranmu an yi shi ne don amfani. Sholisho na masu faci ne. Sukudai sinadarin masana'antu ne, irin wanda ake cire fenti da shi. Kodin maganin tari ne, sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC. Can baya ma, a 1898, kamfanin Bayer na Jamus ya sayar da heroin a matsayin maganin tari. A 2016 kuwa hukumar NDLEA ta bankaɗo wata masana'antar haɗa ƙwaya a Asaba, ta kama 'yan Meziko huɗu. Ilimi ne ya kawo su, ai ba jahilai ba ne.

Wasu za su ce komai niyya ne. Gaskiya ne, amma niyya a zuci take, uba ba ya ganinta. Abin da ake iya gani shi ne inda ake aikin. Marini a fili yake rini, yana da ubangida, yana da masu saye da za su kama shi in ya yi algus. Mai haɗa kayan maye kuwa kango yake nema, ko bayan gari, don ya san aikinsa ba zai jure idon mutane ba. Wannan ma'auni kowa zai iya amfani da shi, ko bai yi boko ba.

Saboda haka hani kawai ba dabara ba ce. Yaron da aka fasa wa kwalabe a gida, ɗakin abokai zai koma, inda ba mai tsawata masa. Gara a ce: zo ka nuna mana, me ka haɗa, wa zai amfana? A kai shi wajen mai sana'ar sabulu ko malamin kimiyya. In ya yi nisa, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, ga jami'ar jiha a Gadau. A can zai koyi cewa soda tana cin fata tana makantar da ido, kuma ba a haɗa abin da ba a san sunansa ba.

Saura masu shago. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai sayar wa ɗan shekara goma sha biyu sholisho, alhali ya san ba faci yake yi ba, bai da bakin cewa shi ciniki kawai ya yi. Ya san inda kayan za su, ya kuma karɓi kuɗin.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa iliminsu ya amfane mu. Amin.