Baƙon da Ya Ƙi Kwance Kayansa

Karatu: Irmiya 29:4-14

 Saƙon yau na 'yan'uwa ne da suka bar gida suka je neman abinci a wata ƙasa, musamman waɗanda ke zaune a unguwar Zongo ta birnin Kwatano, a Jamhuriyar Benin.

Sunan unguwar nan daga kalmarmu ta zango ya fito, wato wurin da fatake ke sauke kaya su huta kafin su ci gaba da tafiya. Haka yawancinmu muka zo Kwatano. Wani daga Kano, wani daga Zariya, wani daga Maraɗi ko Dogon Dutsi. Wani ya zo sayen motoci a tashar jiragen ruwa, wani gwanjo, wani gadi ko dako. Kowa ya ce shekara ɗaya ko biyu zai yi ya koma. Yau ga wasu da furfura, 'ya'yansu sun girma a nan, amma har yanzu suna cewa, "Baɗi in Allah ya yarda."

Zaman baƙunci ba wasa ba ne. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. A ofis da asibiti da makaranta Faransanci ake yi, a kasuwa kuwa harshen Fon ne ya fi yawa. Mai gida yana neman kuɗin haya na watanni a gaba. Damina biyu ake yi a shekara, ruwa yakan kwanta a unguwanni, ga sauro, ga zazzaɓi ga yara. Kuma abincin baƙo yana rataye da iyaka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Seme ba sai Disamba na 2020, jarin mutane da yawa ya narke a lokacin. Bayan juyin mulkin Nijar a watan Yuli na 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, har masu zuwa gida suka koma ƙetare kogin Kwara cikin kwale-kwale. Duk da haka waya ba ta daina ƙara daga gida ba: kuɗin makaranta, kuɗin magani, kuɗin taki. Mutum yana jin kunyar ya ce babu.

Bahaushe mai bin Yesu kuwa baƙuncinsa biyu ne. Cikin unguwa yana jin harshen uwarsa, amma yawancin maƙwabtansa Musulmi ne. In ya shiga majami'a ran Lahadi ya sami masu bangaskiya irin tasa, amma wa'azi da waƙoƙi cikin Faransanci ne ko Fon ko Yarbanci. Da yawa sun yi sanyi ta wannan hanya. Mako ɗaya ya wuce ba sujada, wata ya wuce, sai a ce, "In na koma gida zan gyara."

A nan ne maganar Allah ta bakin annabi Irmiya ta same mu. Sarki Nebukadnezzar ya kwashi mutanen Urushalima zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Wani annabin ƙarya mai suna Hananiya ya yi alkawari cewa cikin shekara biyu kowa zai dawo (Irmiya 28). Magana ce mai daɗin ji. Amma Irmiya ya aika wa 'yan bautar talala wasiƙa cewa zaman zai kai shekara 70. Saboda haka su yi gini, su yi shuka, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su kuma roƙi Allah ya sa wa birnin albarka, gama alherin birnin shi ne nasu. Wato Allah ya ce su kwance kaya.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, mutumin da bai kwance kayansa ba, rabin zuciya yake rayuwa da ita. Ba ya koyon harshen gari. Ba ya sa yaransa a makaranta. Ba ya shiga ikkilisiya. Kuma shi ne ya fi saurin faɗawa cikin jaraba, domin yana cewa a ransa, "Ai nan ba wanda ya san ni." Daga nan sai fasa-ƙwauri, sai ha'inci cikin ciniki, sai ajiye wata mace alhali matar aure tana jira a gida. Allahn da ya gan ka a ƙauyenku yana ganinka a Kwatano.

Dubi Daniyel a wannan Babila ɗin. Ya koyi harshe da rubutun Kaldiyawa, ya yi wa sarki aiki da aminci, amma bai ƙazantar da kansa ba, bai kuma bar addu'a sau uku a rana ba. Ya zauna da gaske, bai sayar da bangaskiyarsa ba.

To, me za mu yi? Na ɗaya, ka koyi gaisuwa da ƙirga cikin harshen masu gari, ka girmama su. Na biyu, ka gyara takardunka, ka yi wa kowane yaro takardar haihuwa, ka sa shi makaranta. Na uku, ka nemi ikkilisiya ka zama ɗan gida a cikinta ko da ba ka jin kome duka. In kun kai biyu ko uku masu jin Hausa, ku riƙa haɗuwa kuna karanta Littafi Mai Tsarki. Na huɗu, ka zauna lafiya da maƙwabtanka Musulmi, ka je suna da ta'aziyya, su shaide ka da gaskiya da riƙon amana. Na biyar, ka faɗa wa na gida gaskiyar halin da kake ciki. Kada ka ci bashi domin a ce ka samu.

Ku kuma da kuka daɗe, ku tuna da daren da kuka fara sauka ba ku san kowa ba. Littafin Firistoci 19:33-34 ya umarce mu mu ƙaunaci baƙo kamar kanmu. Ku nuna wa sabon zuwa ɗaki, da asibiti, da hanyar majami'a.

Duniyar nan duka zango ce, gidanmu na har abada yana wurin Almasihu. Amma inda ya sauke ka yau, nan yake so ka bauta masa yau.

Addu'a: Ya Uba na sama, mun gode da ka kiyaye mu a ƙasar baƙunci. Ka sa wa birnin Kwatano da mutanensa da shugabanninsa albarka. Ka tsare iyalanmu da ke nesa, ka ba mu abinci na halal, ka riƙe mu cikin bangaskiya. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.